Ranar da Rumbun Kwamfutar Yayana Ya Mutu



A wannan makon ni aka ba wa filin darasin kimiyya. Da na so in yi rubutu a kan hazo da mura, amma wani abu ya faru a gidanmu a hutun da ya wuce, wanda har yanzu in na tuna shi sai gabana ya faɗi. Shi ya sa na canza. Duk wanda a gidansu akwai kwamfuta, ko waya, ko ɗan memori na saka karatu da waƙa, darasin nan ya shafe shi. Yana da ɗan tsawo. In aka buga ƙararrawa, ku dawo idan an fita tara ku ƙarasa.

Yayana yana shekarar ƙarshe a kwalejin ilimi. Yana da wata tsohuwar laftof da Baba ya saya masa ta hannu. A cikinta yake rubuta furojet ɗinsa na gama makaranta, wata biyar yana fama da shi. A cikinta kuma hotunan gidanmu suke, har da wani bidiyo da ya ɗauki Kakarmu da Babbar Sallah tana ba mu labarin ranar da aka kai ta ɗakin miji. Kaka ta rasu bayan Sallar da 'yan watanni, Allah ya ji ƙanta. Wayar da aka ɗauki bidiyon da ita kuwa, Yaya ya kwashe abin cikinta ya zuba a laftof, ya sayar da ita.

Wata rana da daddare ya kunna laftof ɗin, sai muka ji tana ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar agogon bango. Fuskarta ta yi baƙi, wani rubutun Turanci ya fito yana cewa ba ta ga wurin da za ta tashi ba. Saura mako biyu a karɓi furojet. Yaya ya kashe ya kunna, ya kashe ya kunna, ya fi sau goma. Har bubbuga ta ya yi, kamar yadda Baba yake yi wa rediyo. Daga baya muka gane cewa duk wannan ɓarna ya ƙara.

Mene ne yake wannan ƙarar?

A cikin kwamfuta akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da masu gyara suke kira had dis. Malaminmu na kwamfuta yana ce masa rumbun kwamfuta, kuma sunan ya dace, domin duk abin da ka adana can yake shiga ya kwana, ko da an kashe wuta. Na laftof girmansa kamar tafin hannu ne.

A cikinsa akwai faifai mai sheƙi kamar madubi, wani na gilashi, wani na alminiyam, an shafe shi da sinadari mai ɗaukar maganaɗisu. A yawancin laftof faifan yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, a manyan kwamfutocin tebur kuma sau 7,200. Masu son lissafi ku raba 5,400 gida 60, za ku ga sau 90 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Sannan akwai wani ɗan hannu mai siririn kai da yake kai-komo a saman faifan, yana rubutawa yana karantawa. Abin mamakin shi ne kan nan ba ya taɓa faifan. Iskar da juyawar take kaɗawa ita ce take ɗaga shi, kuma tazarar da ke tsakaninsu, ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ta kauri nesa ba kusa ba, balle silin gashi. To, idan kwamfuta ta faɗi tana kunne, ko aka buge ta, sai kan ya daki faifan ya karce shi. Duk abin da yake rubuce a wurin da aka karce, ya tafi ke nan. Ƙwas-ƙwas ɗin da muka ji, hannun ne yake fita neman inda zai karanta, bai samu ba, ya koma, ya sake fita. Duk kunnawa ɗaya da Yaya ya yi, ya ba shi damar ƙara karce faifan.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da had dis na farko a 1956. Faifai 50 ne a cikinsa, kowanne faɗinsa inci 24, kuma abin da yake ɗauka bai wuce megabait 5 ba, wato kamar hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani. Yanzu kuma sababbin kwamfutoci suna zuwa da wani irin rumbu da ake kira esesdi. Shi babu abin da yake juyawa a cikinsa, ɗan uwan memorin waya ne, don haka ba ya tsoron girgiza sosai. Amma kada ku ɗauka ba ya mutuwa. Yana mutuwa, kuma shi shiru yake tafiya, ko ƙwas ɗaya ba za ka ji ba.

A nan wajenmu abubuwan da suke gajiyar da rumbu suna da yawa. Akwai zafi, musamman ga mai ɗora laftof a kan katifa ya toshe mata hanyar shan iska. Akwai ƙurar hunturu da take cika fanka. Akwai ɗauke wuta kwatsam ana cikin adana abu. Batirin laftof ɗin Yaya ya daɗe da mutuwa, ana ɗauke wuta take ɗif, kuma kun san sau nawa ake ɗaukewa a rana. Sai kuma tsufa, wanda ba shi da magani. Gaskiya laftof ɗin ta yi masa gargaɗi. Kusan wata guda tana nauyi, tana maƙalewa, wani fayil ɗin ya ƙi buɗewa sai an sake gwadawa. Shi kuma ya ce bairos ne. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo da take karanta rahoton lafiyar da rumbu yake rubuta wa kansa. In ta nuna shuɗi, lafiya. In ta nuna ruwan ɗorawa, ka fara kwashe kayanka. In ta nuna ja, ka riga ka makara ko kana dab da makara.

Masu gyara biyu

Washegari na raka Yaya kasuwar 'yan waya da kwamfuta. Mai gyara na farko ko murfin bai buɗe ba, ya ce, “Windows ɗinta ce ta lalace. A yi mata fomatin a ɗora sabuwa, yau ɗin nan za ka tafi da abarka.” Yaya ya ce, “Oga, to furojet ɗina fa?” Ya ce, “Ai wannan sai haƙuri.” Yaya ya naɗe cajarsa muka fito. Da ya yarda, da garin neman gira an rasa ido.

Ni ban ga laifin mutumin sosai ba. Shi aikinsa ya tayar da kwamfuta ta yi aiki. Saboda haka in kun je wurin mai gyara, ku faɗa masa da bakinku tun kafin ya taɓa: abin da ke ciki nake so, ba kwamfutar ba. Magana biyu ce daban, kuma aiki biyu ne daban.

Na biyun wani dattijo ne abokin Kawu. Ya kwance laftof ɗin, ya zaro rumbun, ya haɗa shi da wata waya zuwa tasa kwamfutar, ya kara kunnensa. Ya ce wa Yaya, “Yaro, Allah ya taimake ka, yana yi yana dainawa, kuma kwamfuta tana ganinsa har yanzu. Da ya daina nunawa gaba ɗaya, sai kamfanonin da suke da ɗaki marar ƙura, su buɗe shi su canza masa kai. Kuɗinsu kuwa ya fi kuɗin laftof ɗin nan.” Yaya ya ce abokinsa ya ba shi shawarar ya sa rumbun a firiza ya kwana. Dattijon ya yi dariya, ya ce in aka fito da shi raɓa za ta kwanta a kan faifan, kamar yadda take kwanciya a jikin robar ruwan sanyi, shi ke nan an ƙarasa shi. Ya kuma ce kada wani ya kuskura ya kwance rumbu a ɗaki don ya leƙa, in dai yana son abin ciki.

Abin da ya yi ya burge ni. Bai fara neman furojet ba. Ya ɗauko wani rumbu mai lafiya wanda ya fi namu girma, ya kunna wata manhaja mai suna ddrescue da take aiki a kan Linux, ta fara juye mai ciwon gaba ɗayansa zuwa cikin mai lafiyar. Manhajar tana yin abin da malamai suke ce mana mu yi a jarrabawa. Tana fara ɗauke wuraren da suke karantuwa da sauƙi. In ta zo wuri mai wuya sai ta tsallake, ba ta tsaya ɓata lokaci, sai ta gama sannan ta dawo kansu. Dalili kuwa, rumbun yana iya mutuwa a kowane lokaci, gara a fara tsira da mai yawa. Tana kuma rubuta inda ta tsaya, don haka da aka ɗauke wuta ba a koma farko ba. Kwana biyu aka yi ana wannan juyewar. Daga nan ya ajiye namu a gefe, bai sake kunna shi ba, duk sauran aikin a kan kwafin aka yi.

Ga wani abu da na koya wanda ya fi komai ba ni mamaki. Idan ka goge fayil, ba a take yake barin rumbu ba. Rumbu yana da rajista kamar ta ajinmu, mai nuna sunan kowane fayil da wurin zamansa. Gogewa kamar malam ne ya soke sunanka daga rajista, amma kai kana nan zaune a bencinka, har sai an kawo sabon ɗalibi an ba shi wurinka. Shi ya sa in ka goge hotuna a memori bisa kuskure, ka cire shi nan take, kada ka ƙara ɗaukar hoto ko ɗaya. Manhaja irin Recuva tana iya dawo da su. Kuma abin da aka ceto, a wani wuri daban ake zuba shi, ba a memorin da ake ceton ba, in ba haka ba zai hau kan 'yan uwansa da ba a ciro ba tukuna. Wannan dabarar ta had dis da memori da filash ce. A esesdi da cikin wayoyin zamani, abin da aka goge da wuya ya dawo.

A namu rumbun wani ɓangare na rajistar ya karce. Sai dattijon ya sa PhotoRec, wata manhajar kyauta da wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta. Ita ba ruwanta da rajista. Benci-benci take bi, tana gane hoto ko takarda daga yadda farkonsa yake. Matsalarta ɗaya, sunayen ba sa dawowa. Kowane fayil sai ya fito da harafin f da dogayen lambobi.

Babi na ɗaya da na biyu da na uku da na biyar sun fito lafiya. Babi na huɗu, inda duk lissafin binciken yake, ya buɗe da wasu alamomi kamar tafiyar tururuwa. Yaya ya yi zaune ya riƙe kai. Can sai ya tuna ya taɓa tura wa malaminsa rabin babin ta imel. Ya duba saƙonnin da ya aika, ga shi nan. Takardun tambayoyin da mutane suka cike masa kuma suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, waɗanda saura kaɗan Umma ta ba mai ƙosai. Dare huɗu ya yi yana sake bugawa a kwamfutar abokinsa. Ya miƙa furojet ana saura kwana biyu.

Hotunan kuma ni aka bar wa. Dubbai ne, babu suna, a cakuɗe da tarkacen hotunan intanet. Ina buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ina ware namu. Wasu sun fito rabi, sama fuskar mutum, ƙasa toka-toka. A rana ta uku na samu bidiyon Kaka. Ya buɗe. Tana zaune a kan tabarmarta, tana dariya, tana cewa, “Ana ɗora ni a kan dokin nan sai...” Nan ya tsaya. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ne ya tsira, sauran yana wurin da ya karce. Baba ya kalla sau biyu, bai ce komai ba, ya tashi ya fita. Umma ta san ƙarshen labarin, ta ba mu, amma ba da muryar Kaka ba.

Ajiyar ko-ta-kwana

Ajiyar ko-ta-kwana ita ce kwafi na biyu da kake ajiyewa a wani wuri, don ranar da na farko zai ɓata. Ku lura da kalmar kwafi. Kuskuren Yaya shi ne kwashewa ya yi daga waya zuwa laftof, yana ganin ya adana. Abu ɗaya ne dai ya canza ɗaki.

Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1. Abin da kake ji da shi ya zama yana da kwafi 3, a kan na'ura iri 2, kuma 1 daga ciki ya kasance ba a gida ɗaya da sauran ba. Na ƙarshen nan shi mutane suka fi rainawa. Wani zai buɗe sabuwar folda a cikin kwamfutar ya zuba kwafi, alhali rumbu ɗaya ne, in ya mutu tare za su tafi. Wani yana da filash, amma a jakar laftof take kwana, ɓarawo kuma jakar zai ɗauka gaba ɗaya. Ko manya abin yana cin su. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wani ginin ajiye bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma akwai waɗanda kwafinsu na ko-ta-kwana yake a wurin, ya ƙone tare da na asalin.

Bayan ajiyewa sai gwadawa. Waɗanda suka kalli katun ɗin Toy Story 2, ku sani saura ƙiris a rasa shi. A 1998, ana cikin haɗa shi a kamfanin Pixar, wani ya ba kwamfuta umarnin gogewa bisa kuskure, kusan kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Suka ce ba komai, muna da ajiya. Da aka duba, ashe ajiyar ta daɗe ba ta yin daidai, babu wanda ya lura. Abin da ya cece su, wata ma'aikaciyarsu mai suna Galyn Susman ta haihu, tana aiki daga gida, don haka akwai kwafi a kwamfutarta. A bargo aka naɗo kwamfutar aka kawo ta ofis a mota. Fim ɗin ya fito a 1999. Saboda haka lokaci-lokaci ka buɗe filash ɗinka a wata kwamfutar, ka danna fayil biyu ko uku ka ga sun buɗe da idonka.

Na san wani zai ce, mu da kuɗin tara ma da ƙyar, ina muka ga kuɗin rumbu na biyu? Ai rubutu ba shi da nauyi. Furojet ɗin Yaya gaba ɗaya bai kai nauyin waƙa biyu ba. Duk mai Gmail yana da gigabait 15 kyauta a wurin Google, kuma tura wa kanka takarda ta imel ba ya cin data sosai. Imel ɗin nan ne fa ya ceci babi na huɗu. Ko bugawa a takarda ma kwafi ne.

Amma akwai ramuka a hanya. Da yawa a gidajenmu mai shagon waya ne ya buɗe musu Gmail, ba su san kalmar sirrin ba. Ranar da waya ta faɗa rijiya, hotunan suna can a intanet, mai su kuma ba shi da mabuɗi. Ku je gida yau ku tambayi Umma ko ta san tata. In ba ta sani ba, a canza tun wayar tana hannu, a rubuta a littafi a ajiye inda ake ajiye takardun haihuwa. Sannan in wayarka tana haɗe da Google Photos, ka goge hoto a cikin manhajar, can ma ya gogu. A Google Drive abin da ka goge kwana 30 yake yi a kwandon shara kafin ya tafi gaba ɗaya. WhatsApp kuma yana matse hoto ya rage masa kyau, sai dai in ka tura shi a matsayin takarda.

Filash ma sai an yi hattara. Akwai na jabu, a jiki an rubuta gigabait 64, cikinta kuwa ɗan kaɗan ne. Za ta yi ta karɓar kaya ba musu, ranar da ka zo buɗewa ka tarar da wofi. In ka sayi sabuwa, cika ta da bidiyo, ka cire, ka mayar, ka buɗe na farko da na ƙarshe. Kuma filash ɗin ajiya daban, ta zuwa shagon buga takardu daban. A irin waɗannan shagunan ake kwaso bairos ɗin nan mai mayar da folda 'yar alama mai kibiya. Kada ka yi saurin yin fomatin in ya kama ka, yawanci ɓoye fayilolin yake yi, wanda ya iya zai fito maka da su. In ka gama kwafi ka zare filash ɗin, domin duk abin da ya samu kwamfuta yana iya samun abin da ke maƙale a jikinta.

A duniya an ware 31 ga Maris don tuna wa mutane su yi ajiya. Ni dai a ganina sau ɗaya a shekara ya yi kaɗan. Yanzu a gidanmu duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya yake yi, kuma yana sa kwanan wata a sunan fayil don kada sabo ya hau kan tsoho. Filash ɗaya tana gidan Kawu. Minti ɗayan nan na Kaka kuwa yana wuri huɗu.

Da nake wannan rubutun na tambayi sakataren kulob ɗinmu inda rubuce-rubucen allon nan suke tun daga zangon farko. Ya laluba aljihun wandonsa ya fito da filash ɗaya, a ɗaure da makullin kekensa. Na kai maganar wurin malamin da yake kula da mu, ya ce ranar Laraba za a juye ta a kwamfutar ɗakin karatu, shi ma zai tura wa kansa ta imel.

Dattijon ya bar mini mataccen rumbun, ya kwance mini murfinsa tunda aikinsa ya ƙare. Zan kawo shi ɗakin kwamfuta ranar Larabar da tara. In ka karkata faifan wajen taga, za ka ga wani siririn zobe a jikinsa inda kan ya karce. 'Yan aji ɗaya za su fara gani, don su ne gajeru.